Cefanen Kwamfutar Aljihu a Bur Dubai

A watan Janairun 2005 filin jirgin Malam Aminu Kano na alhazai ne. Babbar Sallah ta ƙarato, ana kwashe ragowar maniyyata, ko'ina ka duba atamfa iri ɗaya ce da jaka iri ɗaya, 'yan rakiya kuwa sun ninka matafiya. Mu masu zuwa Legas aka tura mu gefe guda. Hazo ya sauka tun cikin dare har ba a hango ƙarshen titin jirgi, saboda haka jirgin da aka ce na safe ne sai da muka sallaci la'asar kafin ya ɗaga. Kawu ko a jikinsa. Ya shimfiɗa darduma a gindin bango, ya ɓantari goro, ya ce wanda ya san hanyar nan da hunturu ba ya barin Kano a ranar da zai wuce Dubai, kwana yake sakawa a tsakani.

Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan Kantin Kwari, yadi da abaya da mayafai yake kawowa, wannan karon kuma kayan bukukuwan bayan Sallah zai ɗauko. Ni aikina haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyukan Jigawa da Yobe. Kowace rijiya da nata lissafin: mita nawa aka nutsa kafin a taɓa ruwa, wace irin ƙasa aka ratsa, bututu nawa aka zura, wa aka biya, wa yake binmu. Duk wannan yana cikin littattafan 'yan makaranta masu tabon laka da baƙin mai, ranar da ake neman ɗaya sai an juye buhu. Wani injiniya da ya zo daga Abuja duba aikinmu shi ya jawo min wannan tafiya. Ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihun gaban rigarsa, ya zare tsinke daga gefenta, ya ɗan taɓa gilashin, sai ga rijiyoyin bara sun jeru. Masu ita PDA suke ce mata, mu a wurin aiki muka sa mata kwamfutar aljihu. Na shiga adashi, da na kwasa na nufi Wapa, dala tana wajen naira 140. Niyyata ba ƙarama zan saya ba, ta sama nake so, wadda zan daɗe ban sake waiwayar kanti ba.

Shekara guda ke nan da Emirates ta fara zuwa Legas, abin da ya rage wa 'yan kasuwarmu zagayen Alƙahira ko Addis Ababa. Tafiyar ta kusa awa takwas, agogon can kuma yana gaban namu da awa uku. Biza kuwa otal ne ya nema mana. Lokacin babu jirgin ƙasa a birnin, benen da daga baya aka raɗa wa Burj Khalifa ma harsashinsa ake yi, tsohon shugaban ƙasar, Sheikh Zayed, bai cika wata uku da rasuwa ba, hotonsa na nan a kowane kanti. Tasi ta sauke mu a Deira, wajen Naif, inda baƙon Kano ba ya jin baƙunta. A ƙofar otal ɗin na ji ana rigimar kilo da Hausa tsakanin wani ɗan kargo da wata Hajiya 'yar Zinder, mai shayin kusurwa kuma, mutumin Pakistan, yana ce wa kowa "sannu Alhaji" har da mata.

Deira ta wayar hannu ce da agogo da turare da zinare. Kayan kwamfuta sai an haye mashigin ruwan zuwa Bur Dubai. Ana hayewa a ƙananan jiragen katako da suke kira abra, mutum wajen ashirin baya da baya a kan benci ɗaya, matuƙin yana zaune a rami a tsakiya, 'yan kwabbai ake miƙa masa ana cikin tafiya. A bakin ruwan manyan jiragen katako sun jeru ana loda musu firiji da tayoyi da buhunan shinkafa zuwa Iran da Somaliya, kayan a jibge a fili babu mai gadi. Kawu ya daɗe yana kallonsu, bai ce komai ba sai "ikon Allah". Kana sauka ka faɗa kasuwar yadi, mai rufin katako. A nan ya kamata mu rabu, amma ya ce zai bi ni ya ga abin da zai cinye adashin shekara.

Kantunan kwamfuta sun taru a titin Khalid bin Al Waleed, sai kuma ginin Al Ain Centre a titin Mankhool, wanda kowa ke kira Computer Plaza. Mun zo a kan gaɓa, bikin cefanen Dubai da ake yi tun 1996 ya kama, kowane gilashi an manna masa takardar rangwame. Da ka zaga kanti biyu uku za ka gane gida biyu ne ke riƙe da kasuwar. Akwai gidan Palm, wanda Jeff Hawkins ya assasa. Shi ne mutumin da ya sassaƙa guntun katako daidai aljihun riga ya riƙa yawo da shi yana yi kamar yana rubutu, don ya tabbatar mutane za su yarda su ɗauki abin, kafin Pilot ta fito a 1996. Akwai kuma gidan Microsoft, mai Windows Mobile, wanda HP da Dell da Toshiba da wasunsu ke ƙera wa jiki. Apple da ta riga su da Newton a 1993 ta tattara ta bar fagen tun 1998.

Wani matashi ɗan Kerala, da jin na ce ta sama nake so, ya buɗe akwatin gilashi da makulli ya ɗora min HP iPAQ hx4700 a tafin hannu. Gaskiya ta isa. Jikinta na ƙarfen magniziyam ne, sanyi ƙalau, nauyinta bai kai giram 190 ba. Fuskarta inci huɗu, ɗigo 480 a 640, wato ninki huɗu na waɗanda aka saba gani. Ya buɗo hoton wata mata da ke sanye da sarƙa, ana iya ƙirga duwatsun sarƙar. Injinta na Intel ne mai gudun megahaz 624, wanda ya fi na tsohuwar kwamfutar ofishinmu. Tana da Wi-Fi, tana da Bluetooth, tana da ramin kati biyu, babba a cikinsu har yana karɓar katin GPS, abin da ya sa zuciyata ta motsa, don kowace rijiya sai mun ɗauki lambobin wurinta. Maimakon maɓallin sama da ƙasa, wani ɗan faifan shafawa aka sa mata irin na laftof. Shi ne abu na farko da bai kwanta min ba. Yatsan da ya yini yana kama sifana ba zai iya wannan lallaɓawar ba. Na shafa sama ta tafi hagu.

Kuɗinta a Amurka dala 649, a nan ma ba a yi nisa da haka ba. Dirhami a ɗaure yake da dala, 3.67 ba ya motsi, don haka lissafin bai yi wuya ba. Kawu ya riga ni gamawa.

"Dubu casa'in da 'yan kai. Injiniya, ka san mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya?"

"Dubu bakwai da ɗari biyar, Kawu."

"To albashinsa na shekara ke nan a hannunka. Riƙe da kyau."

Ba tsadar ce ta dame ni ba, na zo da shirin kashe kuɗi. Abin da na fara tambayar kaina shi ne, cikin dala 649 ɗin nan, nawa ne zai yi min aiki a Birniwa? Wi-Fi na cikin abin da ya ɗaga farashin, ni kuwa a Kano ta wancan lokaci intanet sai a shagon kafe, a biya kuɗin awa a zauna ana jiran shafi ya buɗe. Fuskar nan mai ƙyalli ita ce kan gaba wajen shan batir. Sai na yi tambayar da, ga alama, ba a saba yi wa yaron ba: idan batirin ya mutu murus, aka yi mako ba a jona ba, me zai faru da abin da na rubuta?

Ya ɗan yi jim, ya ce ai ba a barin ta ta mutu.

Na ce a ƙaddara an bari.

Ya ce to, za ta dawo yadda aka fito da ita daga kwali.

Wannan ba aibin HP ba ne ita kaɗai, haka tsarin Windows Mobile 2003 yake gaba ɗaya, haka ma Palm na da. Sunaye da jadawali da duk manhajar da ka ɗora suna zaune ne a ma'ajiyar da sai da wuta take riƙe abu, ko na'urar tana kashe tana ɗan tsotsar batir don kada ta manta. An tsara na Microsoft yadda in batir ya yi ƙasa za su kashe kansu, su ajiye ragowar don riƙe ma'ajiyar na awa 72. Kamar garwashin da aka rufe da toka ne, zai kai safiya, ba zai kai ranar kasuwa mai zuwa ba. Daga baya wani ma'aikacin Microsoft ya bayyana inda aka samo awa 72 ɗin: an ƙiyasta mutumin da batirinsa ya ƙare ranar Juma'a da yamma, Litinin da safe ya dawo ofis ya jona. Lissafi ne mai kyau ga wanda aka yi dominsa. Ni ba a lissafa da ni ba. Akwai wuraren aikinmu da ko turken wuta babu, a gida ma in taransifoma ta ƙone ana iya ganin sabon wata a duhu.

Don adalci, hx4700 tana da mafita. Batirinta ana cire shi a sa wani, akwai ma babba mai ninki biyu, tana da wani sashe na ma'ajiya da ba ya gogewa, kuma ana iya kwafe komai zuwa kati. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan mutum ya tuna, ranar da injin haƙa ya maƙale a mita sittin kuwa ba ranar tuna kwafe fayil ba ce.

Muka ci gaba da zagaye. A wani kanti na ga Dell Axim X50v, mai irin wannan injin da irin wannan kaifin fuska, dala 499 a Amurka, amma mai kantin shi ya shigo da abarsa, garantin bai ƙetaro teku ba, matsalar batirin kuma ita ce dai. Na ga ragowar Sony Clié, har da UX50 mai buɗewa da madannai da kyamara, wadda ta fito a kan kusan dala 700 a 2003, yanzu an karya mata farashi. Ado kam babu kamarta. Amma tun watan Yunin 2004 Sony ta sanar ba za ta ƙara fitar da sababbi a wajen Japan ba, katinta kuma Memory Stick ne, nata ita kaɗai. Ban tsaya ba.

Palm Tungsten T5 ba ta cikin akwatin makulli, a kan kanta take da zare a ɗaure. Ta fito a Oktoban 2004 a kan dala 399, masu sharhi a mujallu kuma ba su yi mata da daɗi ba, don ba ta da Wi-Fi, an cire abin naɗar murya da yayarta T3 take da shi, jikinta roba ne, batirin a rufe yake ba a cirewa, ko mazaunin tebur ba a saka a kwalin ba sai igiya. Fuskarta 320 a 480, in ka fito daga kallon hx4700 sai ka ga ta dushe. Abu ɗaya aka canza wanda mai zaune kusa da soket ba zai ga girmansa ba: ma'ajiyarta mai megabait 256 irin wadda ba ta buƙatar wuta ce. Batir ya mutu, a jefa ta a akwati, ranar da aka jona komai yana nan. Sannan megabait 160 daga ciki ana iya jona su da kowace kwamfuta mai Windows XP a matsayin filas, ba sai an ɗora wata manhaja ba. Nan take na hango kaina a shagon buga takardu a Dutse, ina miƙa igiya a fitar min da rahoto. Ta zo da Documents To Go, wadda ke buɗe Word da Excel ba ta wargaza jadawali.

Na karɓi tsinken na gwada rubutu. Palm tana da nata salon harufa, Graffiti, wanda a da kowane harafi da zane ɗaya ake yinsa. Shari'ar da Xerox ta shigar ta sa suka koma Graffiti 2 a 2003, inda i da t da k da x sai an ɗaga tsinke an yi zane biyu. Ga mai rubuta Hausa, wanda k da t ba sa barin bakinsa, wannan ƙarin aiki ne. Babban abin da ya ci min rai shi ne ɓ da ɗ da ƙ babu su, kuma babu hanyar sauƙi ta saka su, don jerin harufan Palm na harsunan Yammacin Turai ne. Na Microsoft kuwa a kan Unicode aka gina shi, in ka samo rubutun da ke da su ka zuba, za su fito. A wannan fagen hx4700 ta yi mata fintinkau, na kuma bar ginin ran nan ban sayi komai ba.

Washegari Juma'a, kasuwa a rufe har bayan la'asar. Lokacin Alhamis da Juma'a ne hutunsu. Muka yi sallah a babban masallacin Bur Dubai, sahu ya fito har titi, Ba'indiye da Ba'iraniye da Basudane kafaɗa da kafaɗa. Muka ci biryani a wani ɗan gidan abinci da hannu, Kawu yana ƙorafin babu yaji irin na gida. A nan ya faɗi abin da ke ransa tun jiya.

"Ni fa abin da ban gane ba, duk waɗannan da ka ɗaga ka ajiye, akwai wadda ake kira da ita?"

"Babu, Kawu. Ba waya ba ce."

"Ba ta kira, ba a kiranta, dubu hamsin da shida. Allah ya kyauta."

Da yamma ya ja ni wani kanti a titin Al Fahidi, wai wani maƙwabcinsa a Kwari ya sayi wata a nan. Ashe i-mate yake nufi, kamfanin da hedikwatarsa ke nan Dubai, ko da yake HTC ta Taiwan ce ke ƙera masa kayan. Na'urorin nan su ne ake sayarwa a Turai da sunan O2 ko Qtek. Aka fito da PDA2k mai madannai masu zamewa, Kawu ya auna ta a hannu ya ce za ta yaga masa aljihu. Aka fito da JAM, 'yar ƙarama mai fuska inci 2.8 da kyamara, ana saka mata layi. Mai kantin ya ce, "Haji, duba," ya buɗo Alƙur'ani da lokutan sallah da alƙibla da aka ɗora mata. Ciniki ya faɗa kafin a zo maganar farashi. Na tuna masa maganar batir, ya ce wayarsa ba ta taɓa kwana ba caji ba, janaretan layinsu ba ya hutawa, bashin da yake bin mutane kuwa yana littafi, littafin yana cikin sef. Ba ni da abin cewa, ga irin rayuwarsa ya yi daidai.

Kuma shi kasuwa ta bi. GSM ta shigo Najeriya a 2001, cikin 'yan shekaru ta koya wa kowa cewa abin aljihu shi ne wanda ke ƙara. Dell ta daina Axim a 2007, shekarar da iPhone ta fito, HP kuma ta saye Palm ɗungurungum a 2010. Ni dai a lokacin ina da dalilin raba su. Inda muke aiki babu sabis, waya kuwa in tana laluben sabis batir take sha, ban ga hikimar ɗaure lissafin rijiyoyina a wuyan abin da zai mutu kafin azahar ba. GPS kuma ofis ya ba mu na hannu mai cin batirin rediyo, wanda ake samu a kowane teburin mai shayi.

Ranar Asabar na koma wurin ɗan Kerala na ce T5. Ya kalle ni kallon wanda ya zo sayen doki ya tafi da jaki, amma ya ɗauko. A kan na'urar kanta ragi kaɗan ne, don ribar da ke ciki ba ta da yawa, Kawu ya karɓi ragamar cinikin ya karkata shi zuwa tarkace. Muka fita da cajar mota, da katin SD, da gidan alminiyam, da ledar kare gilashi saboda ƙurar hunturu tana karce wurin rubutu, da fakitin tsinke, don an ce shi ne farkon ɓata. Na sa aka buɗe kwalin a gabana, na mai da fuskar fari fat sannan baƙi ina neman mataccen ɗigo, na duba kan cajar mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wanda su da mu duka muke amfani da shi, na sa aka buga hatimi a katin garanti, ko da yake na san in ta lalace sai dai a ba wani mai tafiya ya dawo da ita. Duka da tarkacen ban kai kuɗin hx4700 tsirara ba. Ragowar dalar Kawu ya ranta ya ƙara bandir na mayafai.

Hutun Sallah a kwafe littattafai ya ƙare, ina saka waƙafin sama a gaban d da k da b inda ƙugiya ta kamata. Bayan Sallah muka koma aiki gabas da Birniwa. Motar da nake caji a cikinta ta tafi neman gas ta lalace a hanya, na'urar ta yi ta gargaɗi har ta ɗauke, ta zauna a jaka har muka gama rijiyar muka shigo Haɗeja. Na kai wa wani yaro mai cajin waya a bakin tasha, ƙaramin janaretansa na ta tari, wayoyi sun yi layi a kan katako kowacce da lambarta a manne. Ba shi da bakin cajar da ya shige ta, na ba shi tawa. Da ta farfaɗo na buɗe jadawalin, mita da bututu da bashin mai tankar ruwa duk suna nan. Naira ashirin yake cajin waya. Tawa kuwa ya juya ta gaba da baya, ya nemi inda ake saka layi bai gani ba, ya ce, "Yallaɓai, wannan hamsin ce."